Intanet Mai Sauri: Yaushe Zai Iso Ɗakin Uwargida?

 Uwargida ran gida, ina fatan an sauke tukunya lafiya. Amarya, ke ma matso kusa da rediyo. Maigida kuma da ke gefe yana saurare da kunne ɗaya, don Allah kada ka tashi, zancen yau akwai rabonka a ciki.

Bari in fara da abin da ya jawo zancen. Kwanakin baya na je ƙauyenmu suna. Da la'asar sakaliya na fito shan iska, sai na hangi mata uku tsaye a kan wani ɗan tudu bayan makarantar firamare, kowacce ta ɗaga waya sama. Da na tambaya aka ce mini ai duk garin nan ne kaɗai sabis yake kamawa. Ta farko tana jiran alat na kuɗin da ɗanta ya turo daga kudu. Ta biyu 'yarta ce take son duba sakamakon jarrabawa. Ta uku kuwa hoton takardar asibitin mijinta take son tura wa ƙanenta da ke birni, ya nuna wa likita. Har aka kira magariba hoton nan yana ta juyawa bai tafi ba. Washegari sai da baiwar Allah nan ta biya kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, don kawai ta tura hoto guda ɗaya. Ni da nake zaune a birni, kafin ƙiftawa da bisimilla na tura irinsa goma. To, wannan tazara da ke tsakanina da ita, ita ce masana suke kira giɓin fasahar zamani, kuma a kanta za mu yi magana yau.

Da farko, mene ne intanet mai sauri, wanda za ku ji 'yan boko suna ce masa burodband? Ku ɗauki misalin ruwa. Akwai wadda take tarar ɗigo a bakin famfon da ya kusa ƙafewa, ta wuni ba ta cika bokiti ba. Akwai kuma wadda babban bututu ya shigo har tsakar gidanta, da ta murɗa sai ruwa. Dukkansu ana cewa suna da famfo, amma ba ɗaya ba ne. Haka sabis yake. Idan kika duba saman wayarki kika ga 2G ko harafin E, ɗigon nan ne: zai yi kira, zai aika tes, amma intanet ɗinsa jan ƙafa yake yi. Idan kika ga 3G, ruwan ya fara zuwa. Idan 4G ne ko 5G, to bututun ya buɗe, za ki iya kallon karatu ta bidiyo, ki ga fuskar 'yarki da ke aure a nesa kuna hira, ki aika kuɗi ba tare da ya maƙale a hanya ba. Hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, daga 3G zuwa sama take fara lissafa shi a matsayin intanet mai sauri.

Mu ɗan waiwaya baya, domin yaran yanzu ba su san daga inda aka fito ba. Kafin shekarar 2001, layukan wayar da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, alhali mutanen ƙasar sun haura miliyan 100. Wayar tarho sai ofis da gidajen manya. Iyayenmu za su tuna lokacin da ake ɗaukar murya a kaset a ba matafiyi ya kai wa ɗan'uwa da ke nesa, a jira amsa wata da watanni. A watan Agustan 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki. Ina ƙarama a lokacin, amma ina tuna masu lema da tebur a bakin titi, a biya su a buga waya, ana magana ana kallon agogo, domin minti ɗaya naira 50 ne, ko da kuwa daƙiƙa biyar aka yi. Layin ma kaɗai sai mutum ya tanadi wajen naira 20,000. A 2003 kamfanin Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi, farashi ya karye. Yau layukan da ke aiki a ƙasar nan sun haura miliyan 150. Kun ga ke nan abin da ake ganin sai mai kuɗi, cikin 'yan shekaru ya shiga hannun mai ƙosai da mai fura. Abin da ya faru da kira, shi muke so ya faru da intanet.

To daga ina wannan intanet yake zuwa? Da yawanmu muna zaton daga sama yake saukowa. Gaskiyar magana mafi yawansa ta ƙarƙashin teku yake biyowa, a cikin wasu dogayen wayoyi da ake kira faiba. A cikin kowacce akwai zaren gilashi siriri kamar silin gashi, haske ne yake gudu a ciki ɗauke da saƙo. A nan akwai abin alfahari gare mu mata. Wata injiniya 'yar ƙasar nan, Funke Opeke, ita ta dawo daga Amurka ta jagoranci shimfiɗa wayar MainOne, mai tsawon kilomita 7,000 daga ƙasar Fotugal zuwa Legas, wadda ta fara aiki a 2010. Kafin ita, waya ɗaya tak ƙasar ta dogara da ita ta cikin teku, mai suna SAT-3. Bayan nan wasu sun biyo, har da Equiano ta kamfanin Google da ta iso Legas a 2022. Idan kuna son sanin muhimmancinsu, ku tuna ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da huɗu daga cikin wayoyin nan suka lalace a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa. A ranar bankuna suka rikice, tiransifa ta ƙi tafiya, mutane suka yi ta zagin wayoyinsu, alhali matsalar tana can ƙasan teku.

Ke nan ruwa ya zo bakin gaɓa, kuma mai yawa ne. Abin da ya rage shi ne jawo shi cikin ƙasa, kuma a nan gizo yake saƙa. Daga Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne, kuma daga Kano akwai sauran tafiya kafin a kai tudun nan na ƙauyenmu. Ƙarfen sabis da kuke gani a unguwa, shi ma sai an haɗa shi da faiba yake ba da cikakken ƙarfinsa. Abubuwa huɗu ne suke tare hanya.

Na farko kuɗin haƙa rami. Duk kamfanin da zai binne waya a gefen titi sai ya biya gwamnatin jiha kuɗin izini a kan kowace mita. An yi yarjejeniya a ƙasa cewa naira 145 za a riƙa karɓa a kan mita ɗaya, wato naira 145,000 a kilomita. Amma wasu jihohi suka riƙa karɓar dubbai a kan mita. Ɗan kasuwa kuwa da ya buga lissafi ya ga ba riba, sai ya tsaya a babban birni. A 2020 jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya, wasu jihohin suka rage, wasu ma suka yafe daga baya. Jihar da ta ƙanƙame wannan ɗan kuɗi tana ganin ta samu, alhali 'ya'yanta ta tare wa hanya.

Na biyu yankan waya. Masu aikin titi da magudanar ruwa suna tsinka ta da katafila, ɓarayi kuma suna tone ta da zaton tagulla ce, ga ta kuwa gilashi ne da ba ya sayuwa a wurin 'yan gwangwan. Yanka ɗaya yana iya jefa gari guda cikin duhu. Saboda haka a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

Na uku wutar lantarki. Ƙarfen sabis ba ya barci, dare da rana yana buƙatar wuta. Tunda wutar ba ta tsayawa, yawancinsu da janareta suke aiki, suna shan gas, ga kuma masu satar batura. Duk wannan kuɗi a kanmu yake dawowa idan mun zo sayen kati.

Na huɗu rashin tsaro. Inda 'yan bindiga suke tare hanya, injiniya ba zai je gyara ba. Mutanen Zamfara ba za su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan fashin daji, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni aka yi ba kira ba tiransifa, mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya yi doguwar tafiya zuwa inda sabis yake. A lokacin ne kowa ya gane cewa waya ta zama kamar ruwan sha.

Me gwamnati take yi a kai? Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa wani asusu mai suna USPF, wanda ake zuba masa wani kaso daga kuɗin da kamfanonin waya suke biyan hukuma, domin a kai sabis inda ɗan kasuwa ba zai je don kansa ba. An yi tsarin ƙasa na farko a 2013, da burin kai intanet mai sauri kashi 30 cikin 100 kafin ƙarshen 2018, kuma an cim ma hakan. A 2020, zamanin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, aka ƙaddamar da tsari na biyu: a kai kashi 70 cikin 100 kafin ƙarshen 2025, kuma gig ɗaya na data kada ya wuce naira 390. Da wa'adin ya cika, wajen rabi aka iya kaiwa. Kuma ku lura, wannan lissafi layuka yake ƙirgawa. Alhajin da ke da layi uku an ƙirga shi sau uku, matansa biyu da ba su da ko ɗaya ba su fito a lissafin ba. A 2024 kuma ministan sadarwa Bosun Tijani ya sanar da shirin shimfiɗa ƙarin faiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Muna fatan alheri, amma mu zuba ido mu ga ta ina ramin zai bi, domin in ba a yi magana ba, birane ne za su sake cinyewa.

Akwai kuma hanyar sama. Tun watan Janairun 2023 kamfanin Starlink ya fara ba da intanet ta tauraron ɗan'adam a Nijeriya, ƙasa ta farko a Afirka da ya shiga. Ba ya buƙatar rami, ko a tsakiyar daji zai kama. Sai dai na'urarsa dubban ɗaruruwan naira ce, ban da kuɗin wata, ya fi ƙarfin talaka shi kaɗai. Inda zai yi amfani shi ne a sanya shi a makaranta ko asibitin karkara, a haɗa da sola, jama'a su raba. Irin wannan haɗin gwiwa ba sabon abu ba ne a Arewa, domin tun shekarun 2000 gidauniyar Fantsuam da ke Kafancan ta kafa wa al'ummarta intanet na karkara.

Yanzu mu shigo gida, domin ko an kafa ƙarfen sabis a ƙofar gidanki, da sauran rina a kaba. Binciken ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, ya nuna cewa a Afirka yawancin waɗanda ba sa amfani da intanet, sabis ɗin yana nan a kansu, shiga ne ba su yi ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Kuma rahotanninta na 'yan shekarun nan sun nuna matan Afirka kudu da Sahara suna bayan maza da kusan kashi 30 cikin 100 wajen amfani da intanet ta waya. Me ya hana mu?

Babban dalili kuɗi ne, kuma kashi uku ne. Akwai kuɗin wayar kanta. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, babbar waya mafi araha kuwa za ta iya lashe kusan dukkansa, balle ga matar da ribarta ta wuni ba ta wuce ta kuɗin cefane ba. Akwai kuɗin data. Wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce intanet yana da araha ne idan bai ci fiye da kashi 2 cikin 100 na abin da mutum yake samu a wata ba. Mu kuwa a watan Janairun 2025 hukuma ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har da kashi 50 cikin 100, bisa hujjar tsadar gas da faɗuwar darajar naira. Kuma kowace mace ta san ƙa'idar kasuwa: mai sayen mai a cokali ta fi mai sayen galan biya da tsada. Haka mai sayen data kaɗan-kaɗan, idan aka tara abin da ta kashe a wata, sau da yawa gig ɗinta ya fi na mai sayen ta da yawa tsada. Na ukun kuɗin caji, domin a ƙauye kullum sai an aiki yaro shagon mai caji.

Dalili na biyu karatu da harshe. Wayar da Turanci take magana, da yawanmu kuwa ba mu yi nisa a boko ba. Amma wannan ya fara sauƙi. Saƙon murya ya zo mana daidai, wadda ba ta iya rubutu ba sai ta danna ta yi magana. Akwai labarai da darussa da Hausa, akwai Wikipedia ta Hausa, kuma tun 2013 manhajar fassara ta Google ta san Hausa. Na ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana gane sunayen jikokinta a waya ta hotunansu, tana kiran wanda take so ba ta nemi kowa ba.

Dalili na uku shi ne wanda ba a cika faɗa a taro ba, wato izini. Akwai gidajen da maigida ya ce matarsa ba za ta riƙe babbar waya ba, akwai uban da ya hana 'yarsa amma ya saya wa ɗansa. Cibiyar CITAD da ke Kano ta daɗe tana jan hankali a kan wannan. Ni ba zan ce tsoronsu ba shi da tushe ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mun ji auren da waya ta kashe, mun ga yarinyar da aka yaɗa hotonta, mun san wadda aka yashe wa asusu. Amma maigida, ranka ya daɗe, mu duba ɗaya ɓangaren. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, 'yarka da ba ta taɓa latsa komai ba za ta zauna kusa da wadda ta saba. A 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu, 'ya'yan masu hali sun ci gaba da karatu ta intanet, namu sai abin da rediyo ya kawo musu. A farkon 2023 da takardun kuɗi suka yi wuya saboda sauyin fasalin naira, matar da ta iya karɓar tiransifa ta ci gaba da sayar da abincinta, wadda ba ta iya ba kayanta suka yi kwantai. Ga kuma masu turaren wuta da yaji da dambun nama da atamfa, suna cikin ɗakinsu, ba su taka ko zaure ba, suna ɗora hoto a WhatsApp ana saye daga Abuja da Legas. Macen da ke cikin gida ita ta fi kowa buƙatar wannan hanya, domin kasuwa da makaranta ne suke zuwa su same ta har ɗaki. Ba a hana yaro zuwa kusa da murhu har abada, koya masa ake yi yadda zai kauce wa wuta.

Wannan ya kawo mu ga maganar aminci, kuma a nan nake so kowacce ta buɗe kunne. Wata 'yar'uwata uwar adashi ce. Rannan wani ya kira ta da murya mai daɗi, ya ambaci cikakken sunanta, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunta in ba ta sabunta ba, ta karanto masa lambar da za ta shigo wayarta yanzu. Ta karanto. Kafin ta ajiye wayar alat ya fara shigowa, kuɗin mata goma sha biyu ya tafi. Sai da ta sayar da 'yan kunnenta na zinare ta biya. Ba wauta ce ta ja mata ba, ba a taɓa gaya mata ba ne. To yau ni na gaya muku.

Lambar sirrin katinki, da lambar da banki yake turowa ta tes lokacin cire kuɗi, mabuɗin akwatinki ne. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ya tambaye ki su. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya san sunanki da na mahaifinki. Lambar BVN da ta NIN ma kada ki riƙa karanta wa baƙuwar murya a waya. Idan aka turo miki saƙo cewa ana rabon tallafi, ki latsa nan ki cika suna, ki tura wa mutum ashirin, ki tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan wani ya ce zai sa ki a zauren taro na WhatsApp, ki karanto masa lambobi shida da suka shigo, shafinki yake so ya ƙwace ya riƙa roƙon danginki kuɗi da sunanki. Ki sa wanda kika yarda da shi ya kunna miki tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saitin manhajar. Idan wayarki ta ɓata, tun kafin ki zauna jimami ki sa a rufe layin, ki sanar da banki, domin ɓarawon zamani layin yake nema fiye da wayar. A wurin mai POS kuma, ki kare da hannu idan za ki danna lamba, kada ki miƙa kati ki faɗi lambar da baki.

Sai mutunci. Hoton da ba za ki so a gani a bainar jama'a ba, kada ki ɗauke shi tun farko, domin abin da ya shiga waya ya fita daga hannunki. 'Yan mata, ku ji ni da kyau: saurayin yau yana iya zama abokin gaba gobe. Idan za ki kai gyara, ki cire layi da katin ajiya, in da hali ki tsaya a gyara a gabanki. Idan za ki sayar, a goge komai tukuna. Ku yi hattara da manhajojin ba da bashi nan take, akwai waɗanda suke kwashe lambobin da ke wayarki, ranar da kika makara su aika wa surukanki saƙon cin mutunci. Idan kuma wani ya yi miki barazana da hoto ko ya dame ki da saƙonnin banza, kada kunya ta sa ki yi shiru, kuma kada ki ba shi ko sisi. Ki ajiye saƙonnin a matsayin shaida, ki gaya wa babba, a kai ƙara. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Idan kamfanin waya ne yake cire miki kuɗi ba dalili, kin kai kuka bai saurare ki ba, ki kira 622, layin koke ne na NCC, kyauta ne. Idan tallace-tallace ne suka ishe ki, ki rubuta STOP ki aika zuwa 2442.

To mene ne namu a ciki? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu mata mun iya adashin gado da na kwano, me zai hana mu yi adashin waya, duk wata mutum ɗaya ta ɗauka? A makarantun Islamiyya na matan aure da azuzuwan yaƙi da jahilci, a ware ko rabin awa ne a mako, wata ɗaliba da ta iya ta koya wa sauran yadda ake tura kuɗi, da yadda ake gane saƙon damfara. Mace ta fi sakin jiki ta yi tambaya a gaban 'yar'uwarta mace. Iyaye, wayar yara ta riƙa kwana a ɗakinku, ku san da wa suke hira, kuma ba za ki iya sa ido a kan abin da ke kanki ba ki sani ba. Maigida, maimakon hani, zauna da iyalinka ku yi ƙa'ida tare, kai ma ka bi ta. Masu unguwanni da matasa, ƙarfen sabis da wayar da aka binne a garinku ku tsare su kamar yadda kuke tsare rijiyar burtsatse.

Sannan idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a da atamfa da sabulu, ƙungiyoyin mata ku ƙara tambaya a kan ta ruwa da ta asibiti. Ku tambayi ɗan majalisarku nawa jiharku take karɓa a kan mita ɗaya ta faiba. Ku tambaye shi ko ya taɓa kai sunan garinku ga asusun USPF. Ku tambayi shugaban ƙaramar hukuma ko makarantar 'yan matanku tana da ɗakin kwamfuta mai aiki, da wuta, da malami. Wanda bai san amsa ba, ya je ya nemo kafin ranar zaɓe.

Kafin in bar ƙauyenmu na sake bi ta bayan makarantar nan, na tarar da ita mai takardar asibitin ta dawo kan tudun, wannan karon amsar likita take jira. Na karɓi lambarta na ce zan riƙa kiranta, ta yi dariya ta ce sai dai in dace tana kan tudu.

'Yan'uwana, lokaci ya yi mana halinsa. Wadda take da tambaya, ko wadda aka taɓa damfara tana son wasu su ɗauki darasi, ta aiko mana da wasiƙa ko saƙon murya, za mu karanta ba tare da ambaton suna ba. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan yadda mace za ta fara tallar sana'arta ta waya daga ɗakinta, tun daga ɗaukar hoto har zuwa karɓar kuɗi. Kafin nan, a gaida yara, a gaida maigida. Ku huta lafiya.